Taurarin da Muka Karya a Bagudo

Ku da kuke zuwa gidan nan koyon biskit ɗin biki, na daɗe ina lura da ku. Da kun ga na danna ƙarfe a kan kwaɓi siffa ta fito, sai ku kalli juna ku yi murmushi, wai ashe abin ba wuya. Jiya ma wata a cikinku ta ce mini ta gani a waya, an kwaɓa, an gasa, an yi ado, duk kafin ruwan shayi ya tafasa. To ku gyara zama. Kalarku a kwalba take zuwa, sukarinku a niƙe, tanderunku maɓalli ake murɗa masa. Ban ce laifi ba ne. Amma zan gaya muku yadda ni na koya, da aikin da ya kusa kai mu gaban alƙali ni da gwaggona.

Gwaggo Bintu ƙanwar babana ce. Ta yi aure a Kandi, cikin ƙasar Dahomey, wadda ku yanzu kuke ce wa Benin. Mijinta kuku ne a gidan wani Baturen Faransa, ita kuma tana taya matar Baturen aiki a madafa. Da mijin ya rasu, ba ta da ɗa a can, sai ta dawo Illo da akwatin ƙarfe ɗaya a kai. A cikinsa akwai farantan gashi, da rariya mai laushi kamar mayafi, da wata doguwar kwalba ta murza kwaɓi, da ƙarafan yanka naɗe a tsumma: kifi, jinjirin wata, fure, tauraro. Can ƙetare gato suke ce wa abin, mu nan muka ce biskit. Ni a lokacin ina da aure da goyo. Maigidana mai fito ne, shi ke ƙetarar da mutane da kaya a gulbi. Gwaggo ta gina tanderu na jan laka a bayan ɗakinta, ta aiko a kira ni.

Aikin farko da na sa hannu na walimar sauka ne, ɗan wani mai fataucin goro ya sauke Alƙur'ani. Na zo da zumuɗi zan yi yanka, sai ta miƙo mini taɓarya. Sukarin lokacin ƙwaya-ƙwaya yake zuwa a kwali, sai an daka shi a busasshen turmi, a tankaɗe, a sake dakawa, har ya zama idan kin murza a yatsa ba ki jin komai. Na tankaɗe na kawo mata. Ta lakata ta sa tsakanin haƙora, ta ce, "Hassi, yashi kinka kawo min. Koma." Na koma. Na daɗe ina komawa. Man shanu kuma sai an wanke shi da ruwan randa har tsamin nono ya fita, in ba haka ba biskit ya fito yana warin ƙwarya. Ƙwai na zabi ya fi, amma sai da damina ake samu. Na walimar nan siffar allo ta yi musu, wani maƙerin gwangwani na kasuwar Illo ya lanƙwasa mata ƙarfen. Uban yaron ya so a rubuta baƙaƙe a kai, ta ƙi. Ta ce abin da zai faɗi ƙasa yara su taka ba a sa masa baƙi. Zanen zayyana kawai ta yi a gefe, da ɗan ƙahon takarda da take naɗewa ta cika da kwaɓin sukari.

Wannan kwaɓin sukari shi ne wuyar sana'ar. Farin ƙwai ne da sukari da ɗigon lemon tsami, a buga har hannu ya mutu. Kala kuma mu ke haɗa abarmu. Ja daga zoɓorodo, rawaya daga gangamau, kore daga ɗanyen ganyen zogale, a daka a matse a tsumma. Kore ya fi kowanne rainin hankali. Ki sa kaɗan ya fito kamar ruwan wanki, ki sa da yawa yara su tofar don ɗaci, rana ta taɓa shi ya koma kalar ƙasa. Wuta kuwa babu agogo babu awo. Ana hura itacen ƙirya a cikin tanderu har ya zama garwashi, a kwashe, a watsa ɗan gari a ƙasan. In ya yi baƙi nan take, a jira. In ya yi ja a hankali, a sa faranti. Gwaggo ba ta bar ni na tsaya bakin tanderu ni kaɗai ba ko sau ɗaya a shekarun nan. Ni ce daka, ni ce wanke mai, ni ce murza kwaɓi. Yanka da wuta nata ne.

Masu sayenmu ba su da yawa, amma masu ido ne. Matan Sarkawa masunta kifi suke so idan za su aurar da ɗiya, kuma sai an zana masa ɓawo a jiki, in ba haka ba su ce tarwaɗa aka yi musu. Da ƙaramar sallah jinjirin wata ake nema. Fatake daga Kamba da Dole Kaina su kan aiko a yi musu na gara, a jera a saman alkaki da dubulan don dangin ango su yi magana. Har daga Madekali, can ƙetaren iyaka, ana zuwa, don a lokacin iyakar ba ta wuce wata bishiya da kowa ya sani ba.

Shekarar mulkin kai, mutanen Dahomey sun riga mu karɓar nasu, tsakiyar damina. Wani attajiri na Madekali ya sa muka yi masa na tutarsu, kore da rawaya da ja. Sama ta yini tana zuba, sukarin ya ƙi bushewa, jan ya dinga rarrafawa cikin rawaya. Sai da muka jera farantan a bakin tanderu mai ɗumi muna fifita da faifai bi da bi. Sun isa lafiya. Labarin wannan aikin ne ya ƙetare gulbi har ya kai kunnen wani malamin makaranta a Bagudo, Malam Bawa.

Ya zo da kansa, saurayi siriri mai farin tabarau, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Gwaggo ta fita da mayafi, ni ina bayanta riƙe da tabarma. Ya ce shi aka ɗora wa abincin yara na ranar mulkin kai. Ya zana mana tutar a ƙasa da yatsa: kore, fari, kore.

"Na manyan baƙi a yi shi haka, Gwaggo, kamar tuta," in ji shi.

"Na ɗiyan makaranta hwa?"

"Su kam ki yi musu duk abin da za su gani su yi murna. Ke kin fi ni sani."

Iyakar maganarsa ke nan. Ku riƙe ta, don a kanta komai ya tsaya daga baya.

Gwaggo ta zaɓi tauraro. Shi ne ƙarfenta mafi kyau, baki mai kaifi, yana fitar da yatsu biyar tsaf ba tare da kwaɓi ya maƙale ba. A gidan Baturen Kandi shi ake yi wa yara idan shekara ta zagayo. Abin da ba mu sani ba, a zaɓen da aka yi kafin nan, jam'iyyar da ke adawa da masu mulki tauraro ne alamarta. Mata ba ma jefa ƙuri'a a lokacin, ba mu taɓa ganin akwatin ba. Gwaggo tana Kandi aka yi abin. A Illo kuwa ko akwai mai wannan ra'ayi, a cikinsa yake barinsa. Maigidana ya sani sarai, amma namiji ba ya leƙa madafa, kuma mun rufe kayan tun kafin su fito tsakar gida.

Aiki ne da ban taɓa yin irinsa ba. Gari buhu guda muka sa aka kawo daga ƙetare. Na daka sukari har tafin hannuna ya yi ruwa. Taurarin mun shafe su da kore, muka ɗiga fari a tsakiya, muka bi bakin kowane yatsa da siririn zare na fari. Da suka bushe muka jera su, su da tutocin, a manyan fantekoki, kowane layi da busasshen ganyen ayaba a tsakani, muka rufe da faifai muka ɗaure da zane.

Ana gobe biki muka yi sammako zuwa bakin gulbi. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyayi da guntayen itace. Maigidana ya shimfiɗa kara a cikin jirgi don kada fantekokin su taɓa ruwan da ke taruwa a ƙasa. Gwaggo ta zauna ta rungume ɗaya, ni na rungume ɗaya, sauran a tsakanin ƙafafunmu. Ta taho da ƙarafanta da ɗan sauran sukari, ko da wani zai buƙaci gyara a can. A tsakiyar gulbi iska ta taso, ruwa ya fara fantsamo mana. Ɗigo ɗaya in ya shiga, koren zai bi farin. Gwaggo ta cire mayafinta ta lulluɓe kayan, ta zauna da ɗankwali kawai a gaban maza, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

"Ka bi da mu sannu," ta ce wa maigidana. "Ko da azahar munka isa, mun isa."

Mun isa da hantsi. Bakin ruwa cike da mutane, ana sauke buhunan shinkafa da itacen rumfa. Akwai wani mutum a wurin, Garba Dogo, shi ke tara wa jam'iyyar masu mulki samari a yankin. Ba shi da sarauta, ba shi da ofis, amma in ya yi magana 'yan doka sukan waiwaya. Yana duba duk abin da aka sauke na biki. Ya zo kanmu ya ce a buɗe. Gwaggo ta kwance ta farko, tutoci ne. Ya gyaɗa kai, har ya ce madalla. Ya sa sandarsa ya ɗaga faifan ta biyu.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsu biyu ya ɗauko ɗaya, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. Hayaniyar bakin ruwa ta ɗauke. Na waiwaya na ga fuskar maigidana, a nan na san akwai magana.

"Wa ya sa ku wannan?" in ji Garba.

"Na ɗiyan makaranta ne," in ji Gwaggo.

"Na ji. Wa ya ce a yi shi haka?"

"Ni na yi shi haka. Mi ya hwaru?"

Ya juya ga mutane ya ce, "Kun gani? Ranar da za a ɗaga tuta, gaban manya, a ba kowane yaro tauraro ya riƙa. Daga ƙasar Faransa anka ɗauko mace ta yi musu aikin." Ya aika a kira Malam Bawa, ya sa 'yan doka biyu suka ɗauki fantekokin. Ɗaya ya ɗora tasa a karkace, Gwaggo ta daka masa tsawa ya daidaita ta, kuma ya daidaita.

Zauren mai gari aka kai mu. Dattijo ne mai jinkirin magana, yana zaune a kan buzu da carbi. Malam Bawa ya shigo da alli a hannunsa, daga aji aka ɗauko shi. Da ya ga abin da ke cikin fanteka sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ashe an daɗe ana zarginsa, don yana karanta jarida kuma ba ya zuwa taron su Garba. A shekarun nan ƙaramin abu ya isa a ɗaure mutum da igiya a tasa shi gaba har gaban alƙali, ya dawo bayan watanni ba aiki ba mutunci. Kowa a zauren ya san haka.

Garba ya durƙusa gaban Gwaggo, ya sassauta murya. "Gwaggo, ke tsohuwa ce, ba ruwanki da siyasa, mun sani. An yi amfani da ke ne. Ki ce Malam ya ce ki yi tauraro, ki ɗau kayanki ki tahi gida. Ko la'asar ba za ta yi miki nan ba."

"Bai ce ba."

"Ki tuna dai."

"Na tuna. Tuta ya zana min a ƙasa. Tauraro ni na ɗauko shi cikin tsummana."

"To in ke ce, ke za ki amsa. Ke da kinka zo daga Kandi, wa ya san wanda ya aiko ki? Ana iya maishe ki inda kinka hito."

"Illo anka yanke min cibi," in ji Gwaggo. "Ka tambayi mai gari, ya san ubana."

Mai gari bai ce ya sani ba, bai ce bai sani ba. Carbinsa kawai yake ja.

Sai Garba ya ce a raba mu. Aka shigar da ni soron ciki, aka kira maigidana ya tsaya daga bakin ƙofa. Goyona ya fara kuka, na juyo da shi gaba ina jijjigawa. Garba bai kalle ni ba, maigidana yake kallo.

"Mai fito, jirginka na ɗaukar kayan hukuma, ko ba haka ba? Yana ɗaukar auduga, yana ɗaukar manya. Abin da ke sa a bar mutum ya yi fito a mashigin nan, yarda ce. Matarka tana wurin sadda Malam ya yi magana. Ka ce mata ta hwaɗi gaskiya."

Na san abin da yake nufi da gaskiya. Jirgin nan shi ne cin gidanmu, da na uwar maigidana, da na ƙannensa. Maigidana ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Hwaɗi abin da kunnenki ya ji. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Na ce, "Cewa ya yi a yi musu abin da za su gani su yi murna."

"Sai me?"

"Sai ya ce Gwaggo ta fi shi sani."

"Bai ambaci tauraro ba? Ko da hannu bai nuna ba?"

"Bai nuna ba."

Ya tambaye ni ta gaba, ya tambaye ni ta baya, ya ce ko Malam ya dawo wata rana ni ba na nan. Na ce kullum ina nan, ni ke daka. Ya yi tsaki ya fita.

Da aka mayar da mu zaure, Garba ya ce to a kwashe duka a zuba a gulbi, har tutocin. A nan ne mai gari ya buɗe baki. Ya ce shaida biyu sun wanke Malam, ba shi da abin da zai aika wa alƙali. Ya ce tauraro kam ba zai fita filin biki ba. Amma abinci ba a zuba shi a ruwa a garinsa, kuma an riga an gaya wa yara za a ba su abu gobe. Ya dubi Gwaggo.

"Bintu, ana iya mai da shi ba tauraro ba?"

Gwaggo ta dubi fantekokin. Ta ce, "A ba ni wuƙa da kaskon wuta."

Ƙarafan yanka kuma aka ce za a riƙe su tukuna. Garba ya naɗe tsumman ya sa a aljihu.

A tsakar gidan mai gari muka zauna, ƙarƙashin rumfa, ɗan doka na tsaye a kanmu. Ku da kuke ganin abin wasa ne, ku gwada karya yatsan busasshen biskit mai sukari a kai ku gani. In kin karya da hannu, tsagar za ta bi ta tsakiya ya rabe biyu. Sai an ɗumama bakin wuƙa, a ja layi a kan sukarin a hankali har ya narke, a juya a ja ta baya, sannan a dafe tsakiyar da babban yatsa a ɓalle. Kowane tauraro yatsu biyar. Wuƙar ta yi zafi da yawa koren ya ƙone, ta huce ta ƙi ci. Gwaggo na ja, ni ina ɓallewa. Wannan zaren farin da muka yini muna bi a bakin kowane yatsa, shi muke yankewa. Matan gidan suka fito suna kallo, can sai uwargidan ta kawo tata wuƙar ta zauna, wata ma ta zauna. Sun fasa da yawa kafin hannunsu ya gane. Abin da ya rage a hannunmu wani guntu ne mai kusurwa, ba da'ira ba, ba komai ba, da ɗigon fari a tsakiya. Yatsun kuma muka tara a ƙwarya. Mun gama rana na shirin faɗuwa, yatsuna duk sun yi kore sun ƙone.

Washegari aka yi biki. Mu muna can gefe cikin mata. Yara sun yi layi da 'yan tutocinsu na takarda, an zaunar da su a ƙasa gaban rumfar manya. Aka bi su da fanteka, kowa guntu ɗaya. Uwargidan mai gari, da zuciya ɗaya, ta ce kada yatsun su lalace, ta sa aka bi su da ƙwaryar ma, kowa aka zuba masa kaɗan a hannu.

Ni na fara gani. Wata yarinya a layin gaba ta ajiye guntunta a kan cinyarta, ta ɗauki yatsa ɗaya ta kara a gefe. Ya zauna daidai. Ta ɗauki na biyu. Ta kusa da ita ta leƙa, ita ma ta fara. Kafin a jima layin gaba duk sun sunkuya suna haɗawa, masu ragowa suna ba waɗanda nasu bai cika ba. Tsakaninsu da rumfar manya bai fi tsawon tabarma biyu ba. Garba yana tsaye a bakin rumfar, ya ba su baya, yana yi wa mai ganga magana. Na damƙe hannun Gwaggo. Ta ce a hankali, "Na gani. Yi shiru."

Malam Bawa yana can ƙarshen layi. Ban san yadda aka yi ya lura ba. Bai yi gudu ba. Ya tako a hankali har gaban yaran, ya tsaya tsakaninsu da rumfa, ya buɗe hannuwan rigarsa kamar mai gyara ta, ya ɗaga murya.

"Yara! Ba a ɗaga tuta da abinci a hannu. Kowa ya cinye nashi yanzu. Wanda ya riga gamawa shi za ya riƙa min igiyar tuta!"

Sai ƙurus-ƙurus ko'ina. Kafin Garba ya juyo, babu abin da ya rage sai kumatu cike da leɓɓa kore. Ya dube su, ya dubi Malam, ya daɗe yana dubansa. Sannan aka busa ƙaho, kowa ya miƙe.

Malam bai shiga gidan yari ba, amma kafin kaka ta ƙare an ɗauke shi zuwa wani ƙauye mai nisa, ba mu ƙara ganinsa ba. Ƙarafanmu ba su dawo ba. Maigidana ya je tambaya, aka ce ana dubawa. Ya sake zuwa, aka ce wa ya ce an karɓa.

Shekarar da ta biyo ita ce mugunyar shekararmu. Magana ta bi kasuwanni, daga Illo har Kamba, cewa masu biskit na Illo 'yan tauraro ne. Babu wanda ya zage mu. Kawai dai sallah ta zo ba wanda ya aiko. Mai goron da muka yi wa walima ya aurar da ɗiya, sai a bakin mutane muka ji. Kayan hukuma suka koma jirgin wani, maigidana ya koma ɗaukar masu itace da awaki. Iyaka kuma ta tashi daga bishiya ta zama shinge da mutane masu kaki, garin da muke samu daga ƙetare ya yi wuya. Maƙerin gwangwani da Gwaggo ta je wurinsa ya ce ta yi haƙuri, yana da iyali. Muka koma suyar ƙosai da safe. Damina ta zo ta tsaga bayan tanderu, kaza ta shiga ciki ta yi ƙwai. A cikin wannan damina ne Gwaggo ta tashi wata safiya hannunta na dama yana rawa, bai kuma daina ba. Ko ludayi sai da hannu biyu take riƙewa.

Bayan kaka wata Bafillatana mai tallan nono, Inna Jumma, ta sauke ƙwaryarta a tsakar gidanmu. Daga rugar da ke bayan Lolo take. Ta ce an yi mata jika namiji, na fari a wurin ɗanta, tana son abin nan mai zaƙi da ta taɓa gani a gidan biki, amma nata saniya take so, farar saniya mai ƙaho. Ta kawo man shanu da ƙwai, ta ce gari ma ɗanta zai ƙetaro da shi.

Na ce, "Inna, ba ki ji abin da ake hwaɗi a kanmu ba?"

Ta ce, "Na ji. Ni saniya na ce."

Na dubi Gwaggo, don ba mu da ƙarfe ko ɗaya, saniya kuwa ko da can ba mu taɓa yi ba. Tana zaune a kan turmi, ta danne hannun da ke rawa da ɗayan.

"Kore kazar," ta ce. "Ki liƙe tsagar da laka. In ta bushe ki hura."

"Wa za ya tsaya bakin wuta?"

"Wa kike gani?"

Na liƙe, na hura, na kwashe garwashi, na watsa gari ya yi ja a hankali. Na murza kwaɓi da kwalba, na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa, na sunkuya na fitar da kai, da ƙaho, da tozo, da ƙafafu. Gumi na ɗiga daga haɓata. Na ɗora ta a tafin hannu na kai mata. Ta kawo fuskarta kusa, ta dube ta daga kai har wutsiya.

"Hassi," ta ce, "wannan jaki ne. Dunƙule ki sake, tun wutarki ba ta huce ba."